Tabo a Girar Hagu

Mabuɗi na uku ne ya buɗe akwatin. Hamdatu ta dakata ta kasa kunne. Ruwa na zuba a banɗaki, mahaifinta Alhaji Ishawu yana wankan Juma'a tun da hantsi, yana kaki kamar yadda ya saba. Ta ɗaga murfin a hankali.

Akwatin ƙarfe ne mai koren fenti. Da shi Alhaji ya sauka New York daga Kumasi shekara ashirin da shida da suka wuce, kuma a ƙarƙashin gadonsa yake kwana, a hawa na huɗu na wani tsohon bene a unguwar Morrisania ta Bronx. Duk takardar da ke da hatimi a gidan nan a ciki take. Ba ta mutanen gida kaɗai ba, rabin 'yan zangon Kumasi da ke tuƙa tasi a Bronx sun taɓa ba Alhaji ajiya. Ta ga fasfonsa. Ta ga na uwarta, Mma Hawawu, an ɗaure shi da roba tare da takardar aure. Ta zazzage komai a kan kafet, ta bi ɗaya bayan ɗaya, ta sake bi. Nata babu.

Mako biyar ke nan yana ja mata rai. Yau ya ce yana wurin lauya, gobe ya ce ya ba Abdou mai shago ajiya, jibi ya ce ba a tambayar babba abu sau biyu. Ita kuwa kwanakinta sun ƙare. Makarantar koyon Japananci da ta ɗauke ta a Osaka ta aiko da takardar izinin shiga ƙasa, da hotonta a jiki. Abin da ya rage shi ne ta haɗa takardar da fasfo ta kai ƙaramin ofishin jakadancin Japan a buga mata biza. Bizar kwana huɗu take ɗauka. In ta kai ran Litinin, ta karɓa ran Juma'a, ta tashi Asabar, ta zauna a aji ranar goma ga Afrilu. In Litinin ta wuce, kujerar ta wuce. Mutanen nan ba sa sanin wai hanya ce ta cushe ko kaka ce ta rasu. Sun rubuto mata haka sau biyu, cikin ladabin da ya fi zagi ban tsoro.

Shekara shida ta yi tana bin wannan kujera. Da wankin kwanuka ta fara a wani shagon taliyar Japan a ƙasan Manhattan, tana sa safar roba biyu don kada romon alade ya taɓa mata fata. A nan kunnenta ya fara tsintar yaren, daga ihun masu dafa abinci. Daga baya ta sayi littattafai, ta yanka kwali ƙanana ƙanana tana zana haruffansu masu kama da sawun kaji, tana haddacewa a jirgin ƙasa safe da yamma. Tafinta take son zama. Makarantar awa huɗu ce kullum a aji, shekara biyu, ba fashi. Kafin su ɗauke ta sai da ta ba su lissafin rayuwarta shekara bi shekara tun daga firamare, ba su yarda da giɓin wata uku ba.

"Kin gama, ko in ba ki tocila?"

Alhaji ne a bakin ƙofa, da tawul a wuya da singileti. Bai ɗaga murya ba. Shi ba ya ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronsa.

"Baba, ina fasfona?"

"Fasfonki." Ya zauna a bakin gado ya jawo kwalbar man shafawa. "Ke kika haife shi? Ni na tsaya layi cikin ƙanƙara, ni na haddace sunayen shugabanninsu, ni na ɗaga hannu na yi rantsuwa. Ke kina 'yar shekara sha huɗu kina taunar cingam aka miƙo miki shi a bayana."

"Na gode. Yana ina?"

"Yana Accra."

Ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Ya ci gaba da murza mai a ƙafarsa, yana bayani kamar mai faɗin farashin doya. Tahiratu, 'yar ƙaninsa marigayi, ita za ta shigo da shi. Tun suna yara ake cewa ita da Hamdatu kamar an tsaga kara. Sau uku yarinyar ta nemi biza, sau uku aka kore ta daga taga. To, ga littafin fasfo yana kwance a akwati yana cin tsatsa, ga marainiya tana tallan ruwan leda a tasha. Akwai wani mutum a unguwar Nima, can Accra, da ya iya wannan aiki, ya shigo da mutane da dama, ba wanda aka taɓa mayarwa. Tun watan Janairu fasfon yake hannunsa.

Mma Hawawu ta zo ta tsaya a bayan labule, hannunta da ludayi. Hamdatu ta dube ta, ita kuma ta dubi ludayin.

Sai abubuwa suka fara dawo mata. Duk lokacin sanyin nan Mma tana bin ta da waya. Yi wa kakarki magana da Turanci, tana son ta ji yadda kuke yi. Faɗa mata sunan makarantarku ta sakandare. Wace ce malamar nan da ta ƙi jininki? Wane jirgi kike hawa zuwa aiki, a ina kike sauka? Yi dariya ta ji. Ita kuma ta yi ta yi, har da kwaikwayon muryar mai sanarwa a tasha, don tsohuwa ta ji daɗi.

"Mma, kaka ba ta jin Turanci," in ji ta a hankali.



Alhaji ya ɗauko wayarsa, ya laluba da babban yatsa. Fuskarsa ta saki, irin ta mutumin da zai nuna sabuwar mota. "Saurara nan."

Murya ta fito. Turancin Bronx ne, da ja da karyawa, da cinye ƙarshen kalma. Tana faɗin sunanta Hamdatu Ishawu, tana faɗin lambar gida da titi, da sunan shagon taliya, da cewa ta je ganin kakarta ne ba ta da lafiya. A ƙarshe ta yi dariya, 'yar gajeriya ta hanci. Hamdatu ta gane ta nan take. Dariyarta ce.

"Tahiratu ce, aikin wata uku ke nan," in ji Alhaji. "Awa shida kullum, an karɓe wayarta, ba ta magana da kowa sai da Turanci. In ta yi Hausa a hana ta abincin rana. Ke awa nawa kike yi da naki Japanancin? Ga makaranta nan ta gaske."

Ya sake latsawa ya juyo mata da hoton. Tahiratu ce a jikin farin bango, da ɗankwali irin wanda Hamdatu ta ɗaura a hoton fasfo. A girarta ta hagu akwai tabo, gajere, a karkace, ya raba gashin girar biyu.

Hannun Hamdatu ya tafi nata goshin da kansa. Tana da shekara tara ta faɗa kan ƙarfen hita mai ɗumama ɗaki a falon nan, aka yi mata ɗinki huɗu. Tahiratu ba ta taɓa ganin hita ba.

"Wanzami ne," in ji Alhaji. "Da hotonki a hannu ɗaya, aska a ɗaya. Na farko bai karkace sosai ba, sai da aka sake. Ba ta yi kuka ba, an ce. Jinin gidanmu ce."

Hamdatu ta sauke hannunta daga goshi. "Yaushe za ta taso?"

"Bayan bikin Ista na Kiristoci, sha takwas ga Afrilu. Mutumin ya ce a bar tabon ya ƙara tsufa, kuma lokacin layi ya fi tsawo, ma'aikata sun gaji."

"Baba, Litinin ɗin nan ce ranata ta ƙarshe. Ka sani. Kai ka tara mutane a masallacin Tremont aka yi mini addu'a. Kai ka ce 'yarka za ta Japan karatu, aka yi ta ba ka hannu."

"To, ƙarya na yi? Za ki je. Suna sake ɗauka a Oktoba, na ji kina faɗa."

"Sai na sake komai daga farko. Kuma wanda suka ba izini bai zo ba, da wuya su sake ba shi."

"Sai ki zauna." Ya rufe kwalbar man. "Kina da ƙasa biyu a hannu kina kukan ta uku. Ita ɗayar da take da ita ko abinci ba ta ba ta. Me ke Japan? Na bar ki kina gurnani a ɗaki da 'yan kwalayenki don ya fi mini ki riƙa yawon titi. Ban taɓa zaton za su ɗauke ki ba, gaskiya. Mai wankin kwano."

Mma ta ce, "Alhaji," da ƙaramar murya.

"Ke, koma kan tukunyarki."

Hamdatu ta miƙe. "Zan je in ce ya ɓata. Suna ba da sabo a yini ɗaya in mutum na da tafiya."

Alhaji ya yi dariya har da buga cinya. "Je ki. Kin san hanya, jirgin ƙasa lamba biyu. Sai dai ki ji da kyau, ni ba zan ɗaga waya in gaya wa kowa ba. Za ta shirya kayanta, ta hau jirgi, ta miƙa littafi, su sa mata ankwa. Daga nan su zo nan su ɗauke ni, wataƙila har da uwarki, tunda muryarta na cikin saƙonnin. Ke kuma kina can kina durƙusa wa arna kina shan shayi." Ya miƙa hannu. "Ba ni mabuɗaina. Na san abin da na haifa. Ko kyankyaso ba kya iya takawa."

Ta ajiye masa mabuɗan a kan gado, ba a hannunsa ba. Ta ɗauki jakarta ta fita.

A cikin jirgin ƙasa ta yi lissafin kwanaki, ta sake yi. Alhaji ya iya tsorata mutum, amma wannan karon ya bar ƙofa a buɗe bai lura ba. Ita za ta sauka Osaka ranar tara ga wata. Tahiratu sai sha takwas. Kwana tara ne a tsakani. Tana sauka za ta kira gwaggonta a Kumasi ta ce fasfon ya mutu, kada kowa ya kusanci filin jirgi da shi. Ba ankwa, ba kurkuku. Abin da Tahiratu za ta rasa hanya ce wadda dama ba tata ba. Saura tabon. Hamdatu ta kawar da tunanin tabon, ya dawo, ta sake kawarwa. Kafin ta tafi kuwa bakinta alaikum. In Alhaji ya ji da wuri, ya san yadda zai yi takardar Osaka ta ɓace ita ma.

Wayarta ta yi ƙara. Mma. Ta bar ta ta gaji. Ta sake kira, ta sake. A karo na huɗu Hamdatu ta danne maɓallin har fuskar wayar ta yi baƙi, ta jefa ta can ƙasan jaka. Matar da ta ce yi dariya kaka ta ji, yau ba ta da abin da za ta faɗa mata.

Ofishin fasfo cike yake da masu gaggawa, wanda uwarsa ta rasu a Santo Domingo, wanda kare ya tauna masa fasfo. Ta nuna tikitinta da takardar makaranta da kwafin tsohon fasfon, aka ba ta lamba da fom biyu. Wajen sha biyu da rabi aka kira ta. Matar da ke bayan gilashi dattijuwa ce, baƙar fata, tabarau a kan hanci.

"Ɓata ya yi ko sace shi aka yi?"

"Ɓata."

"A ina kika gan shi na ƙarshe?"

"A gida. A cikin akwati."

Matar ta dubi kwafin, ta dubi fuskarta, idonta ya tsaya a kan girar hagu, ta gyaɗa kai. Ashe mutumin Nima ya san aikinsa, tabon suke fara dubawa.

"Ki saurara, 'yata. Da zarar na shigar da wannan, tsohon ya mutu. Ko kin koma gida kin same shi a ƙarƙashin katifa, kada ki yi tafiya da shi. Duk wanda ya miƙa shi a kowace iyaka, a nan za a riƙe shi. Kin gane?"

"Na gane."

"Sa hannu nan."

Ta sa hannu. Matar ta yi 'yan danne-danne, ta ce ta dawo ƙarfe uku da rabi. Da ta ga takardar Osaka ta yi murmushi. "Japan! Iyayenki suna alfahari da ke, na sani."

"Har addu'a aka yi a masallaci," in ji Hamdatu.

Uku da rabi ta karɓi sabon littafi, shuɗi, mai tauri, yana warin gam. Ta zura shi a aljihun ciki na jaka ta ja zif. Ba ta son komawa gida da rana, sai ta taka zuwa shagon taliya duk da ba ranar aikinta ba ce. Mama Noriko, mai shagon, ta tambaye ta da Japananci ko an shirya komai. Ta amsa da Japananci cewa an shirya, ta yi amfani da kalmomin girmamawa daidai, tsohuwar ta tafa mata. Ta ɗaura ƙyallen aiki a ƙugu ta yanka albasa buhu guda. Ba wanda ya tambayi dalilin jan idonta.

Ana kiran magariba a wayoyin maƙwabta ta hau matakalar gidansu. Tun daga hawa na biyu ta ji ƙanshi, wake da shinkafa, soyayyen kifi, yaji mai ɗan wake irin na ranar sallah. Ta shirya abin da za ta faɗa. Na haƙura, Baba, zan jira Oktoba. Ta maimaita shi sau uku a matakala don ya zauna a baki.

Kafin ta sa mabuɗi ƙofa ta buɗe. Mma ce, fuskarta a kumbure amma tana haske. Ta kamo hannuwanta biyu ta jawo ta ciki.

"Ina kika shiga? Sau goma sha ɗaya na kira ki! Zo, zo ki ji." Ta rage murya tana waigen falo. "Da kika fita na durƙusa na riƙe ƙafafunsa. Shekara talatin ban taɓa ce masa a'a ba, yau na ce. Na ce in yarinyar nan ta rasa makarantarta, wallahi ya nemi mai dafa masa tuwo, ni na koma Kumasi. Ya zage ni, ya zagi uwata a kabari. Ban sake shi ba. Kafin ya tafi masallaci ya kira mutumin Nima."

Hamdatu ta ji kunnuwanta sun toshe, kamar jirgin ƙasa ya shiga rami.

"An samu kujera a jirgin yau," in ji Mma. "Yau ɗin nan! Shida da kwata agogonmu suka tashi. Da asuba tana filin jirgin JFK. Gobe war haka fasfonki na hannunki, Litinin ki kai wa mutanenki." Ta share ido da bakin zani. "Ki yafe mini maganar kaka. Ban san yadda zan yi ba. Amma kin ga, Allah ya gyara, kowa ya samu."

Hamdatu ta dubi agogon bango. Bakwai da minti ashirin da biyar.

"An wuce da ita? Ba su tsayar da ita ba?"

"Lafiya lau. Suka duba fuska, suka duba littafi, suka ce ta wuce."

Alhaji yana kan kujerarsa da carbi, labarai na tafiya a talabijin ba murya. Bai juyo ba. "Ki gode wa uwarki," ya ce. "Da ta ni ce, sai kin koyi haƙuri. Kuma gobe ba za ki bi mu filin jirgi ba, kada a ga fuska ɗaya sau biyu. Ki zauna ki gyara mata gado." Ya ja ƙwayar carbi. "Ina kika je? Ofishin fasfo?" Ya yi 'yar dariya. "Kin kai bakin ƙofa kin juyo ko? Na gaya miki."

Maganar da ta shirya a matakala tana nan a bakinta, ba ta da sauran amfani. Wata maganar kuma tana bayanta, mai nauyi, wadda in ta fito ba za ta juyo da jirgi daga tsakiyar teku ba.

"Ta bar miki saƙo kafin ta shiga," in ji Mma. "Sun mayar mata da wayarta a filin jirgi." Ta latsa, ta kara wayar a kunnen Hamdatu.

Wannan karon da Hausa ne, muryar Tahiratu ta ainihi, siririya, tana haki don murna. "Yaya Hamdatu, Baba ya ce ke da kanki kika ce a ba ni. Ban san da wane baki zan gode miki ba. Na haddace komai, ba zan ba ki kunya ba. Tabon ma bai yi zafi sosai ba, na biyun ne kawai. Sai na iso. An ce akwai sanyi, ni kuwa ba ni da riga."

"Kin ji," in ji Mma. "Ɗauko mata babbar rigar sanyinki, mu tafi da ita. Daga jirgi sai mota, amma iskar asuba ba ta da kirki."

Hamdatu ta shiga ɗakinta. Ta ajiye jakar a kan gado, ta ji kusurwar sabon littafin ta cikin fata. Ta sauke rigar daga ƙusa, baƙa, mai hula. Aljihunta cike da 'yan kwalayen haruffa. Ta kwashe su tas, ta jera a kan tebur, ta karkaɗe rigar, ta ninke hannuwan ciki yadda ake yi a kanti. Ta fito ta miƙa wa uwarta.

Mma ta rungume rigar a ƙirji, ta shafa ta. "Da safar hannu," ta ce.

Hamdatu ta koma ta ɗauko.